Fatawa: Sallar Mai Robar Fitsari da Haƙƙinsa a Kan Masu Jinyarsa

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mace ce daga Garwa, ina zaune a gidan mahaifina tun bayan rasuwar maigidana. Baba ya haura shekara 70, kuma wata biyu ke nan da fitsari ya tsaya masa cak da tsakar dare. A asibiti likita ya ce tsokar da ke ƙarƙashin mafitsara ce ta kumbura ta toshe hanya, aka sa masa robar fitsari, aka sallame mu da ita kafin a ga ko jikinsa zai ɗauki tiyata. Tun ranar da muka dawo bai ƙara taka masallacin ƙofar gida ba, alhali shi yake ja wa mutane salla a ciki shekara da shekaru. Ya yi kusan mako uku bai yi salla ba sam, yana cewa ba zai tsaya gaban Ubangijinsa da jakar najasa a jiki ba. Yanzu ya koma yi, amma sai ya lanƙwasa robar ya ɗaure ta da zare kafin ya yi alwala, kuma ya rage shan ruwa don kada jakar ta cika. Inna ta tsufa, ga ciwon ido, yayana kuma direban babbar mota ne tsakanin Ngaundere da Njamena, sai ya yi mako biyu bai kwana gida ba. Ni nake zubar da jakar, wani lokaci har in wanke masa wurin. Shin sallar Baba ta inganta? Ina da laifi a abin da nake gani? Ga kuma azumi yana tafe.

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma 'yata Allah ya yi miki albarka.

Sallar mahaifinki ingantacciya ce tare da robar da jakar a jikinsa, ko da fitsari yana sauka cikin jakar yana tsakiyar ruku'u, kuma babu abin da zai sake daga sallolin da ya yi a wannan hali. Abin da ya wajaba ya bari yau ɗin nan shi ne ɗaure robar da rage shan ruwa, domin waɗannan biyu cutar da kai ne, kuma shari'a ba ta neme su daga gare shi ba.

Wanda aka sa wa robar fitsari ba ya da iko a kan fitar fitsarinsa, domin ƙoda tana tacewa dare da rana, kuma duk abin da ya sauko mafitsara robar tana wucewa da shi kai tsaye. Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira salas, wato yoyo. A mazhabar Imamu Malik da muke bi a wannan yanki, fitsarin da yake warware alwala shi ne wanda ya fita bisa al'ada cikin lafiya; yoyon da ya lizimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ya warware ta. Ibnu Abi Zaid ya faɗa a cikin Risala cewa an so mai yoyon fitsari da mai jinin istihala, wato jinin ciwo da ba na haila ba, su yi alwala ga kowace salla, so ne kuma ba wajabci ba, Shaihu Halil kuma ya ƙara da cewa wannan son ma yana faɗuwa idan akwai wahala. Mai roba kuwa yoyonsa bai rabu da shi ko na sa'a guda ba, saboda haka alwalarsa tana nan har sai wani abu dabam ya warware ta, kamar bayan gida ko tusa ko barci mai nauyi. Sauran mazhabobi suna wajabta masa sabunta alwala, wasu ga kowane lokacin salla, wasu ga kowace farilla, to idan Baba yana da ƙarfi ya sabunta don ya fita daga saɓani ya kyauta, idan kuma sanyin asuba ko raunin jiki ya hana shi, babu komai a kansa. Tushen wannan sauƙi shi ne hadisin Faɗimatu 'yar Abu Hubaish, wadda ta zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana cewa jini ba ya ɗauke mata, ko ta bar salla, ya ce mata a'a, wannan jijiya ce, ba haila ba.

Jakar kuwa, wadda ita ce ta fi damun Baba, gaskiya ne fitsarin cikinta najasa ne, ba mu ce ya zama tsarki ba. Amma kawar da najasa a wurinmu yana wajaba ne tare da tunawa da iko, kuma an yi rangwame a kan abin da kiyaye shi yake da wuya, har Halil ya buga misali da hadasin da ya lizimci mutum, irin yoyon fitsari. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi salla bayan an soke shi alhali rauninsa yana kwararar da jini. Abin da ake so kawai shi ne a zubar da jakar kafin salla idan ya sawwaƙa, a duba bakinta ya rufu sosai, kuma idan wani abu ya taɓa tufafi aka samu damar canzawa ba tare da takura ba a canza.

Na daɗe ina lura cewa abin da yake hallaka dattawanmu a wannan lalura sau da yawa tsantseni ne da aka ɗora a inda ba muhallinsa ba. Na taɓa zuwa gaida wani dattijo makarancin Alkur'ani da aka sa wa wannan roba, na tarar ya kafa ƙusa a bango daidai kafaɗarsa ya rataye jakar a can, wai don kada ta kusanci buzun da yake salla a kai. Fitsarin da ya riga ya sauka sai komawa yake yi cikin jikinsa, ga zazzaɓi ya kama shi yana rawar ɗari cikin tsakar rana, iyalinsa kuma suna ta ba shi maganin cizon sauro. Ma'aikatan jinya sun yi ittifaƙi a kan cewa jakar tana zama ne ƙasa da mafitsara a kowane hali, ba a kuma ajiye ta a kan dandamalin ƙasa, ba a lanƙwasa robar, ba a raba ta da jakar ba gaira ba dalili, domin kowace buɗewa ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Ɗaurewa da zare yana tara fitsari a mafitsara, ƙarancin ruwa kuma yana sa fitsarin ya yi kauri har ya toshe robar. A cikin mafitsara akwai wata 'yar ƙwallo da ake hurawa da ruwa don ta riƙe robar, wanda duk ya fizge ta da ƙarfi don ya yi salla zai yaga hanyar fitsarinsa. Allah yana cewa: "Kada ku jefa kanku da hannuwanku zuwa ga halaka," kuma Annabi ya ce babu cuta babu cutarwa. Don haka hukuncin ɗaure robar ko cire ta ba da umarnin likita ba haramun ne gwargwadon cutar da ke cikinsa, ko da niyyar mai yin ta tsarki ce. Ki gaya wa Baba wannan da lafazin da ya dace da girmansa, ko ki karanta masa amsar nan, domin mai ilimi irinsa yana komawa ga dalili idan ya ji shi.

Zai yi salla a tsaye idan zai iya, a ɗaure masa jakar a ƙafa ƙarƙashin wando, a kuma manne robar a cinya don kada ta ja shi wajen sujada. Idan sunkuyawa tana jan robar ko tana sa masa zafi, ya zauna ya yi nuni, bisa abin da Annabi ya gaya wa Imrana ɗan Husaini lokacin da basir ya dame shi: ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ya halatta ki zuba masa ruwan alwala ko ki wanke masa gaɓɓai, niyya dai tasa ce, ranar da ruwa zai cutar da shi kuma ya yi taimama, a ajiye masa dutse mai tsarki kusa da shimfiɗa. Sallolin mako ukun nan da ya bari suna nan a wuyansa, domin salla ba ta faɗuwa matuƙar hankali yana nan. Ya rama su a jere gwargwadon ƙarfinsa tare da istigfari, kuma kada kowa a gidan ya goranta masa, tunda girmama salla ne ya kai shi ga kuskuren.

Zuwa masallaci ya halatta gare shi muddin jakar a rufe take, ba ta ɗiga, ba ta kuma fitar da warin da zai cutar da masallata. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa ɗaya daga cikin matan Annabi ta yi i'itikafi tare da shi tana cikin istihala, har akan ajiye tasa a ƙarƙashinta tana salla. Idan aka bar wannan a masallacin Annabi, ban ga dalilin da zai sa a tsare dattijo a ɗaka saboda jakar da babbar riga take rufewa ba, kuma ina ganin fitarsa ya gaisa da abokan zamansa wani yanki ne na magani. Ranar da jiki ya ƙi, ko ya ji tsoron ɗiga, yana da uzurin barin jam'i har da Juma'a. Limanci kuwa, malamanmu sun karhanta mai yoyo ya ja masu lafiya, amma sallar ta inganta idan ya ja. Abin da ya fi shi ne ya gabatar da wani da bakinsa, shi ya tsaya a sahun farko, ya ci gaba da karantarwarsa da taɓa Alkur'ani da alwalarsa kamar kowa.

Game da ke, 'yata, ki kwantar da hankalinki. Zubar da jaka ba ya buƙatar buɗe al'aura ko kaɗan, kuma taɓa najasa ba ya warware alwala, wanke hannu kawai ake yi. Ki wanke da sabulu kafin ki taɓa da bayan kin gama, ki zubar tun jakar ba ta cika maƙil ba, a cikin wani mazubi da aka keɓe don haka, kada bakin jakar ya taɓa shi. Wanke wurin da robar ta shiga, wanda ake yi kullum da ruwa mai tsabta da sabulu, shi ne inda hukunci yake da daraja-daraja. Idan Baba zai iya da hannunsa, shi ne zai yi, ke ki kawo ruwa ki ja labule ki fita. Idan ba zai iya ba, matarsa ce ta fi cancanta, kuma ciwon ido ba lallai ya hana Inna wannan ba idan aka nuna mata yadda ake yi. Bayan ita sai namiji, ɗa ko jika baligi ko ma'aikacin jinya da za a biya. Idan duk waɗannan ba su samu ba a lokacin da ake buƙata, ya halatta gare ki, domin lalura tana halatta abin da aka hana, sai dai ana auna ta da gwargwadonta: ki sa safar hannu, ki rufe shi da zane ki buɗe iyakar wurin aiki, ki kawar da ido gwargwadon iko. Alwalarki ba ta warware da wannan ba, kuma lada kike samu. Ki kiyaye fuskarki a lokacin, domin Allah ya hana a ce wa iyaye ko da "tir" idan tsufa ya riske su, yamutsa fuska da toshe hanci kuwa suna isa zuciyar majinyaci kafin magana.

Ina da magana ga yayanki da sauran dangi, domin bai halatta a sakar wa mace ɗaya wannan nauyi don kawai ita ce take gida ba. Ciyar da mahaifi mabuƙaci wajibi ne a kan 'ya'yansa masu hali, kuma ina ganin kuɗin canjin roba a kan wa'adin da likita ya yanka, da jakunkuna da sabulu da safar hannu, abu ne da ɗa mai samu ba ya da uzurin juya masa baya. Wanda hanya ta ɗauke shi ya aiko da abin da za a ɗauki mai taimako, ranar da ya sauka gari kuma ya karɓi jinyar da hannunsa ki samu ki huta. Keɓe wa majinyaci kwano ko hana jikoki shiga wurinsa ba shi da asali a addini. Jikinsa da guminsa da sauran abincinsa duk masu tsarki ne. Kuma idan kuka ga awoyi sun wuce babu abin da ya sauka a jakar alhali mararsa tana ciwo, ko jini da gudaji, ko zazzaɓi, ko ya fara ruɗewa a magana, kai shi asibiti a wannan lokaci wajibi ne, ba a jira gari ya waye ko a tsaya jiƙe-jiƙe.

Azumi kuwa, ita robar ba ta karya shi, haka nan canza ta da rana. Malamanmu na dā sun faɗi cewa abin da aka shigar ta mafitar fitsarin namiji ba ya wajabta ramuwa, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1997, inda ta lissafa robar fitsari cikin abubuwan da ba sa karya azumi. Abin dubawa shi ne ƙishirwa, domin mai roba yana buƙatar ruwa da yawa, ga shi a bazarar Garwa zafi yana haura digiri 40. Ku tambayi likitan da yake duba shi tun kafin ganin wata. Idan ya ce azumi zai cutar da ƙodarsa ko ya toshe robar, ya sha, ya rama bayan ya warke, kuma idan ana tsoron cuta mai tsanani shan ya zama wajibi a kansa. Idan kuma aka tabbatar tsufa da ciwon ba za su bar shi ya rama ba, azumin ya faɗi daga kansa, an so ya ciyar da mudun Annabi guda a madadin kowace rana, daga gero ko dawa ko shinkafar da ake ci a gidan.

Wallahu a'alam.