Amsa kan jirgin da mutum ke haɗawa da kansa: rajista da kula

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka. Kana son sayo ƙaramin jirgin sama mara nauyi, irin wanda ake turowa a akwatuna mutum ya haɗa da hannunsa, kana son sanin ko dole sai an yi masa rajista, da kuma yadda kula da shi take. Irinsa nake tuƙawa, ni na haɗa abina, don haka ga abin da na gani.

Kada ka tura ko sisi sai ka san ajin da jirgin zai zauna a dokar ƙasar da za ka riƙa tashi. Kowace ƙasa da inda ta ja nata layin. A Amurka, inda da yawa daga cikin waɗannan kayan suke fitowa, akwai dokar Part 103 tun 1982. Ta ce idan jirgi mai kujera ɗaya ne, nauyinsa ba mai ba matuƙi bai kai fam 254 ba, wato kilo 115, tankinsa bai wuce galan 5 ba, kusan lita 19, gudunsa bai haura kilomita 102 a awa ba, kuma yana iya yin sannu har kusan kilomita 45 a awa fiffike bai sake shi ba, to babu rajista, babu lasisin tuƙi, babu gwajin likita. Amma da rana kawai za ka tashi, ba ka bi ta saman cunkoson gidaje ko taron jama'a, kuma sararin da ke hannun masu kula da zirga-zirgar jirage sai da izininsu.

Wannan sauƙin ne ke jan mutane, shi ne kuma ke kayar da su. Kilo 115 ba wani abu ba ne. Jirage irin Aerolite 103 da Kolb Firefly an zana su ne su tsaya dab da layin. Kai kuma kana cikin haɗi sai ka ce bari in sa birki, bari in sa batir da sitata don kada in riƙa jan igiya, bari in ƙara fenti ya yi sheƙi. Kowanne ɗan kaɗan ne, amma ranar da ka ɗora tayoyin uku a kan sikeli sai ka ga ka wuce. Da zarar ka wuce, a idon hukuma cikakken jirgi ne da kake tuƙawa ba rajista ba lasisi. Shi ya sa nake cewa ka ajiye sikeli kusa da teburin aiki, duk abin da ba ya cikin zane ka auna shi kafin ka ɗaura.

Idan kujera biyu kake so, kuma yawanci ita ake so, ka fita daga wancan ajin gaba ɗaya. A Amurka sai ka shiga ajin jirgin gwaji na haɗin gida, inda sharaɗin shi ne mafi yawan aikin, abin da ake kira dokar kashi 51, ya zama mai sha'awa ne ya yi shi don koyo ko nishaɗi, ba kamfani ba. Da me za ka tabbatar? Da littafin gini. Tun ranar da ka buɗe akwatin farko ka riƙa rubuta kwanan wata da abin da ka yi, ka ɗauki hotuna kana ciki, hannunka a kan aikin. Ka adana takardar cinikin da masu kayan suka ba ka, domin ba a ba ka lamba sai an ga yadda jirgin ya zama naka. Bayan lambar rajista, mai farawa da harafin N, ta fito, jami'in FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, ko wakilinta zai zo ya duba, ya ga farantin ƙarfe mai ɗauke da sunan mai haɗi da lambar jirgi, ya ga lissafin nauyi da daidaito. Sannan a ware maka wani yanki ka yi tashin gwaji, galibi awa 40 idan injin ba mai takardar shaida ba ne, kafin ka ɗauki fasinja.

Ribar wannan wahalar ita ce, wanda ya haɗa jirgin yana iya neman takardar da za ta ba shi damar yin duban shekara da kansa. Takardar tasa ce, ta wannan jirgin kaɗai, ba ta bin jirgi idan an sayar. Haka nan idan ka ga ana sayar da aikin da wani ya fara ya gaji, a farashi mai sauƙi, ka fara tambayar littafin gininsa da takardun ciniki tun daga kamfani. In babu, ka bar masa abinsa.

A Ingila ba haka ba ne. Ko mai kujera ɗaya da aka sassauta wa dubawa sai da lambar rajista mai farawa da G, da lasisi, da inshora. Mai kujera biyu kuwa ƙungiyoyin masu ƙananan jirage, BMAA da LAA, ne ke bin aikin, ka yi rajistar aikin tun farko, mai dubawa ya sa hannu mataki mataki, a ba ka izinin tashi da ake sabuntawa duk shekara. Ka ga ke nan maganar "ba a rajista" ba ta kowace ƙasa ba ce. Ka rubuta wa hukumar jiragen sama ta inda kake, da sunan jirgin da nauyinsa, ka riƙe amsarsu a rubuce.

Sai kula, kuma a nan inji ne uban tafiya. Yawancin ƙananan nan injinsu mai bugu biyu ne, irin Rotax 503 da 582, mai cin fetur da man inji tare. Kamfanin ya ce a sauke su a yi musu gyaran gaba ɗaya a awa 300, yayin da Rotax 912 mai bugu huɗu yake kai awa 2,000. Wannan bambancin ka sa shi a lissafinka tun yanzu. Mai bugu biyu ba ya son gaggawa. Ka bar shi ya ɗumama sosai kafin ka buɗe masa wuta, musamman 582 mai sanyaya da ruwa, in ba haka ba fistin ya kumbura kafin silinda ya cije. Idonka kuma kullum a kan agogon zafin salansa, don shi ne ke gaya maka mai ya yi ƙaranci a kafireto tun kafin kunnenka ya ji.

Abin da sababbi ba sa yarda da shi shi ne, ajiya ta fi tashi lalata jirgi. Injin da ya yi watanni a tsaye yana tsatsa daga ciki. Fetur mai gaurin etanol yana zuƙar ruwa daga iska, yana kuma cin wasu tankuna da tiyo. Robar da ke riƙe kafireto tana tsagewa ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, sai ka lanƙwasa ta da yatsa ka haska tocila sannan ka ga tsagar. A 912 ma ƙa'idar kamfanin ce a canja kayan roba duk shekara 5, ko jirgin ya tashi ko bai tashi ba. Zanzaro kuma yana shiga bututun auna gudu ko ƙofar iskar tanki ya yi gininsa na laka; na farko ya sa agogo ya yi maka ƙarya, na biyu ya hana mai sauka kana sama. Ka toshe su bayan sauka, da jan ƙyalle a jiki don kada ka manta cirewa.

Idan farfelarka a baya take, duk abin da ya kwance daga inji ta cikinta zai bi. Shi ya sa muke zura waya ta cikin kowane sifirin na salansa mu ɗaure, ko ya karye ya tsaya a wurin. Noti da kusoshi kuma sai na jirgi masu lambar AN, kada ka musanya da na shagon kayan gini don sun yi kama. Yadin fiffike, Dacron, rana ce ajalinsa. Yana iya yin kyau a ido alhali ya ruɓe, don haka akwai ɗan ma'auni da ake danna shi da shi duk shekara. Rumfa ba ado ba ce, ka nemo wurin ajiya kafin kayan su iso.

Ko doka ba ta nemi lasisi ba, ka je wurin malami ku yi awanni a mai kujera biyu. Waɗannan jiragen da ka rage wuta suke zubar da gudu nan take, iska kaɗan kuma tana wasa da su, har matuƙan manyan jirage sukan sha mamaki. Tashin farko ka ba wanda ya saba da irin jirgin, kai ka tsaya a ƙasa da rediyo.

Ka turo mana sunan jirgin da kake dubawa, da injin da za a haɗo da shi, da nauyinka, da ƙasar da za ka yi rajista, sai mu duba ko lissafin zai fita in sha Allahu.