Jita a hannun ɗan Maraɗi: amsa ga ɗan'uwana na Katsina

Malam, na ga tambayarka, kuma ba kai ka fara yi mana ita ba. Ka ce kana ganin yaran Maraɗi rataye da jita suna kiɗan Abzinawa da na Mali, har kana tambaya ko mun tashi daga Hausawa. Wannan maganar tana ci mini rai. Waɗanda suka kafa garin nan daga Katsina suka fito, bayan jihadi ya karɓe birnin daga hannun sarakunan Haɓe a farkon ƙarni na 19. Har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa, kakaki da algaita da tambari suna nan a fada. Iyakar da ke tsakaninmu da Jibiya Turawa suka shata ta. A 2025 ma gwamnatin Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Matata Ba'abziniya ce daga wajen Dakoro. Na san a can wasu za su ɗaga gira, amma a nan auratayya tsakanin Hausawa da Abzinawa da Fulani da Zabarmawa ba labari ba ne. 'Ya'yanmu da Hausa suke kuka, da Hausa suke faɗa, suna kuma gaida kakarsu da harshenta. Ban ga abin da ya rage musu ba.

Ƙanen matata shi ya fara ɗora wa babban ɗana jita a cinya. Bai koya masa waƙa ba da farko, sai da ya iya ɗaure tsarkiyoyi shidan nan da kunnensa, ya ji wadda ta yi sako-sako da wadda ta yi tsauri. Yatsun yaron suka kumbura, suka fashe, suka yi kanta. Daga nan aka shiga salon Abzinawa: babban yatsa yana bugun tsarkiyar sama ba ya tsayawa, sauran yatsun suna yawo a ƙasa suna fidda waƙar. Wannan raba hannu biyu shi ya fi ba shi wuya, har yakan ajiye jitar ya fita yana huci.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai so ba ko kaɗan. Cewa ya yi gidanmu ba gidan maroƙa ba ne, kiɗa gado ne, wanda bai gada ba ya bar wa masu shi. Ka san wannan tunanin, da mu da ku duka muna da shi. Amma mahaifiyarsa, Kaka, in ta ji goge daga nesa sai ta bar tankaɗen da take yi ta tsaya, ta ce mana wannan taken wane ne. Shi kansa in rediyo ya sako Shata ko Ɗanƙwairo ba mai taɓa akwatin. Muna son kiɗa, muna ƙyamar mai kiɗa, ga shi masu goge da garaya sun tsufa 'ya'yansu suna gudun sana'ar.

Ta hanyar jitar nan da kake zargi yaron ya koma ga gurmi. Yana sauraron Ali Farka Ture na Mali, wanda ya ci kyautar Grammy, sai ya ce mini, Baba, ai wannan tafiyar gurmi ce. Ya je wajen wani tsohon makaɗi a unguwarmu ya zauna. Yanzu yana kaɗa su duka biyun, ya kuma ce mai tsarkiya kaɗan ta fi wuya, don ba ta da inda za ka ɓoye kuskure. A wayarsa akwai Bombino na Agadas, akwai Tinariwen da suka ci Grammy a 2012, akwai Mdou Moctar wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, akwai kiɗan baƙaƙen Amurka da na Kuba, ga kuma kuntigin Ɗanmaraya Jos. Shi ya ba ni labarin marigayi Malam Maman Barka, mai gurmi da ya tafi tafkin Chadi ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsarkiya biyar, don kada ya ɓace, ya kuma kai shi Turai.

Ina da ƙorafi a kanku, 'yan'uwa. Waƙoƙin finafinan Kano da fiyano ake yin su, da karin Indiya, mu ma muna saye muna saurare, ba mu taɓa cewa kun zama Indiyawa ba. Me ya sa jitar Agadas, da ke cikin ƙasarmu, za ta zama dalilin tuhumarmu? In da gaske kishin kiɗan Hausa ake yi, ku aiko mana da masu iya ɗaure goge su koya wa yara, don tsohon unguwarmu idonsa ya yi rauni, kuma ɗana kaɗai ke zuwa wurinsa.