Hukuncin karanta labaran allolin Hindu da cin abin da aka kai wa gunki

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Indiya, yawancin abokan karatuna Hindu ne. Na fara karanta labaran Rama da Krishna don in san abin da suke bauta wa. Ya halatta? Wani ma ya ce mini Krishna annabi ne. Kuma sukan kawo mini alewa daga wurin bautarsu, in ci ko in ƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, karatun kansa ba haramun ba ne ga wanda ya san tauhidinsa. Huzaifa ɗan Yamani, Allah ya yarda da shi, ya ce mutane suna tambayar Manzon Allah (SAW) alheri, shi kuwa sharri yake tambaya don tsoron kada ya riske shi. Bukhari da Muslim ne suka ruwaito. Magabata ma sun yi wannan aiki. Al-Biruni ya koyi Sanskrit, harshen littattafan addinin Hindu, ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030, yana kawo maganar Hindu yadda suke faɗarta. Shahrastani shi ma ya ware musu babi a Al-Milal wan-Nihal. Sharaɗin dai shi ne ka riga ka san naka. In aƙidarka ba ta zauna ba, ajiye Ramayana, littafin labarin Rama, koma gaban malami tukuna.

Ga inda nake so ka buɗe ido. Masu ilimin Hindu za su ce maka su ma abin bauta ɗaya suka sani, Brahma da Vishnu da Shiva fuskokinsa ne kawai, gunki kuma tsani ne. Maganar tana da daɗin ji, amma ba sabuwa ba ce. Ita ce hujjar mushirikan Makka da Allah ya kawo a Suratuz Zumar, aya ta 3, cewa ba sa bauta wa gumaka sai don su kusantar da su ga Allah. Haka batun cewa Vishnu ya sauko cikin jikin Rama da na Krishna. Wannan shi malamai ke kira hululi, kuma Suratul Ikhlas ta rushe shi. Cewa rai yana komawa wani jiki bayan mutuwa kuwa ƙaryata tashin ƙiyama ne.

Annabcin Krishna babu dalili a kansa. Gaskiya ne babu al'ummar da mai gargaɗi bai je mata ba, kuma akwai manzannin da ba a ba mu labarinsu ba, kamar yadda ya zo a Suratu Gafir, aya ta 78. Amma ba a naɗa wa wani annabci da zato. Kame bakinka.

Sai alewa. Abin da suke kira prasad an fara ajiye shi ne gaban gunki, ana cinsa don neman albarkar abin bautar. Ayar da ta hana abin da aka ambaci sunan wanin Allah a kansa asalinta kan yanka ne, amma abin da nake rinjayarwa shi ne barin wannan ma, domin cinsa wani yanki ne na ibadarsu. Alewar da aka saya a shago aka raba wa maƙwabta lokacin bikinsu na Diwali hukuncinta daban. An ruwaito cewa Nana A'isha, da aka tambaye ta kyautar Majusawa ranar idinsu, ta hana cin abin da aka yanka don ranar, ta halatta 'ya'yan itatuwa. Saboda haka ka tambaya cikin ladabi: an kai wannan wurin bauta?

In za ka ƙi, ka ƙi da sakin fuska, ban da zagi ko izgili ga Ganesha, abin bautarsu mai kan giwa. Suratul An'am, aya ta 108, ta hana zagin abin da suke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah. Ka gaishe su, ka duba marar lafiyarsu, amma kada ka rusuna wa gunki ko ka shiga addu'arsu.

Wallahu a'alam.