Amsa kan furotin da ya ƙi bayyana a saman sufo

Assalamu alaikum jama'a. 'Yar'uwa da ta ce ta haɗa furotin ɗinta da CotB (furotin na rigar sufo, wato ƙwaya mai tauri da bakteriya ke yi don jure wahala) a bakteriyar Bacillus subtilis don ya bayyana a saman sufon, Westan (gwajin gano furotin bayan an ciro shi) ya nuna layi amma a filo saitometiri (gwajin da ke duba saman sufo ba tare da an fasa shi ba) shiru, to ga abin da na gani.

Westan fa ba shaida ba ce ta cewa furotin yana waje. Kin kwaɓe rigar sufo da sinadaran SDS da DTT, duk abin da ke ciki da wajenta ya zubo tare. Rigar nan hawa-hawa ce, kuma a saman inda CotB yake akwai wani ɓawon na furotin CotX, CotY, CotZ da CgeA. Ƙaramin furotin sai ya nitse ƙasa, antibodi, wato abin da ke kama shi don a gan shi, bai kai gare shi ba. Ki sa mahaɗi, wato gajeren jerin amino asid, tsakanin furotin ɗinki da CotB, GGGGS mai lanƙwasa ko EAAAK mai tauri, sau biyu ko uku. In ya ƙi, ki haɗa shi da CotZ ko CgeA maimakon CotB.

Shi kansa CotB yana da tasa matsalar. Wutsiyarsa tana da maimaici, shi ya sa ake datse amino asid 105 na ƙarshe. Tun aikin da aka yi a Naples a 2001 da guntun dafin tetanus ake bin wannan hanyar. Kada kuma ki firgita idan layi ya hau sama da lissafinki, CotB na asali ma daga nauyin 46 kDa yake komawa 66, da taimakon furotin CotG da CotH.

Sai wanki, nan mutane suke sakaci. Ki shuka a DSM (abincin da ke sa bakteriya yin sufo), digiri 37, awa 24 zuwa 48, ki duba sufon a maikiroskof sai yawancinsu suna ƙyalli fari fat. Ki sa laisozaim (sinadarin da ke fasa bangon bakteriya) ya fasa ragowar uwayen ƙwayoyin da suka yi sufon, ki wanke da KCl, da NaCl, sannan ruwa mai sanyi sau da yawa. In kika bar tarkacen uwa, furotin da bai taɓa hawa riga ba zai ba ki layi a Westan, ki yi ta murnar banza.

Af, kin tabbata haɗin naki ya shiga amyE, wato gurbin gadon da ke sa bakteriyar narkar da sitaci? Ki zuba aidin a faranti mai sitaci. In kin ga farin zobe kewaye da shukar, bai shiga ba.

Kuma ki gwada filo saitometiri tare da sufo marar haɗi, a ba su antibodi iri ɗaya. Ki turo hotunan biyu mu gani.