Hukuncin Sauke Dish a Koma Kallo ta Intanet

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni magidanci ne a Ƙofar Marusa, cikin Katsina, ina da mata biyu da yara. Mun daɗe muna biyan kuɗin dish duk wata, kuɗin sai ƙaruwa yake yi, wuta kuma ba ta zama. Babban ɗana ya ce mu sauke shi mu sayi ɗan akwatin nan da ake jonawa a bayan talabijin, mu riƙa kallo ta intanet, irin su YouTube da Netflix, wai halal ne tunda hukuma ta san da su. Wani mai gyaran waya kuma ya ce zai sa mini manhajar da za ta buɗe duk tashoshin ƙwallo da na finafinai a kuɗi kaɗan. Abokin ɗana ma ya ce zai ba mu lambar sirrin asusunsa mu riƙa kallo kyauta. Malam, mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, sauke dish da komawa kallo ta intanet ya halatta a asalinsa. Dish, dikoda, akwatin Android, Fire Stick, talabijin mai shiga intanet da kanta, duk kayan aiki ne, kuma kayan aiki hukuncin abin da aka yi da su suke ɗauka. Imamul Ƙarafi, daga manyan malaman Malikiyya, ya kasa hanyoyin da ke iya kai wa ga ɓarna gida uku: wanda aka haɗu a kan toshe shi, wanda aka haɗu a kan barinsa, da wanda aka yi saɓani a kansa. Misalin da ya bayar na kashi na biyu shi ne noman inabi, ba wanda ya hana shi don tsoron a yi giya da shi. Akwatin da ɗanka ke magana a kai nan ya faɗa. Da shi ake kallon sallar Harami kai tsaye, da shi ake sauraron tafsiran Sheikh Abubakar Gumi da Sheikh Ɗahiru Bauchi da Sheikh Ja'afar, Allah ya saka musu da alheri, da shi kuma wani ke kwana yana saɓon Allah.

Kuɗin da ake biya duk wata kuwa haya ce, wato ijara a kan wani amfani, kuma sharaɗinta amfanin ya zama halal. Kada cirewa da ƙarin finafinai da kamfani ke yi ya dame ka, wannan ɗan rashin tabbas ne da shari'a ke yafewa a ciniki, tunda an san kuɗin, an san wa'adin.

Sai dai maganar ɗanka tana buƙatar gyara, kuma nan ne zuciyar amsar take. Hukuma ta yarda da abu daban, shari'a ta halatta shi daban. Rajistar kamfani tana nuna cewa bai saci hajar da yake sayarwa ba, ba ta nuna cewa duk abin da ke cikin hajar ya halatta ido ya gani. Allah ya ce: "Ka ce wa muminai maza su runtse daga ganinsu, su kiyaye farjinsu", sannan ya yi wa mata irin wannan umarni (Suratun Nur, 30 da 31). Ayar ba ta bambance tsiraicin da aka biya kuɗinsa da wanda aka sata ba. Manyan dandalolin finafinan ƙasashen waje cike suke da abin da Musulmi ba zai iya zama da 'yarsa su kalla tare ba. Saboda haka wanda ya san kansa, ya san in ya buɗe ba zai iya kau da kai ba, biyan kuɗin irin wannan dandali haramun ne a kansa shi, ko da maƙwabcinsa mai neman shirin tarihi ko na kimiyya ya halatta masa.

Sannan ka lura da abin da zai sauya a gidanka. Dish a falo yake, talabijin ɗaya, rimot ɗaya, kowa na ganin abin da kowa ke kallo. Tashoshin gida irin su KTTV da NTA kuma akwai hukumar NBC mai sa ido a kan gidajen rediyo da talabijin a kansu. Ranar da ka jawo intanet cikin gida, kallon ya bar falo ya shiga ɗakuna, ya shiga wayar kowane yaro da ya san lambar Wi-Fi. Ba kuma wata hukuma da ke zama ta tace kowane bidiyo kafin ya iso. Ka kunna wa yaro karatun Alƙur'ani ka fita masallaci, karatun na ƙarewa na'urar ta ɗan jira daƙiƙu kaɗan ta ɗora wani bidiyon da kanta, daga shi sai wani, kafin ka dawo daga Isha an yi nisa da inda ka bar shi. An gina su ne don mai kallo kada ya tashi. A da mai tasha ke zaɓa maka, yanzu zaɓin ya dawo hannunka, kuma hisabin ya biyo shi. Annabi (SAW) ya ce: "Dukkanku makiyaya ne, kuma dukkanku abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo." Buhari da Muslim suka ruwaito shi. Allah kuma ya ce: "Ku kare kanku da iyalanku daga wuta" (Suratut Tahrim, 6).

Don haka halascin da na faɗa yana tare da aiki. A ajiye akwatin a falo. Asusun ya zama da sunanka, lambar sirrin a hannunka take, ba a hannun babban ɗanka kaɗai ba, duk da kyakkyawan zaton da muke yi masa. A buɗe wa ƙanana sashen yara, akwai YouTube Kids, akwai kuma makullin lamba a yawancin dandalolin, a kashe abin da ke ɗora bidiyo da kansa. Makullan nan suna ragewa ne, ba sa tsayawa matsayin idon uba da na uwa. Tunda kuma matanka biyu ne, kada akwatin ya tare a ɗakin ɗaya, ka san sauran zancen.

Manhajar mai gyaran waya kuwa ba ta halatta ba. Tashoshin ƙwallon nan kuɗi masu yawa suka biya kafin a ba su izinin nunawa, wanda ya fasa makullinsu yana sayarwa haƙƙin wasu yake sayarwa, mai saye da sani kuma abokin tarayyarsa ne. Allah ya ce: "Kada ku ci dukiyoyinku a tsakaninku da ɓarna, sai dai ya kasance fatauci ne bisa yarda daga gare ku" (Suratun Nisa'i, 29). Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, a zamanta na Kuwait cikin 1988, ta zartar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta su. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ma ta hana. Na san za a ce ai kamfanonin waɗanda ba Musulmi ba ne. Wannan ba hujja ba ce. Mugira ɗan Shu'uba kafin ya musulunta ya yaudari wasu mushirikai abokan tafiyarsa ya kwashe dukiyarsu, da ya zo Annabi (SAW) ya ce masa Musuluncin ya karɓa, dukiyar kuwa ba ruwansa da ita. Yana cikin Sahihul Buhari. Ballantana manhajojin nan ba su bar na gida ba, har finafinan Hausa suke kwasa, masu su kuwa 'yan'uwanmu ne da suka zuba jarinsu. Ga shi irin waɗannan manhajoji kan zo da tashoshin batsa a ciki ba makulli.

Lambar sirrin abokin ɗanka sai a duba sharaɗin kamfanin. Netflix dai ya shar'anta cewa asusu na mutanen gida ɗaya ne, abokin kuma ya amince da haka ranar da ya yi rajista. "Musulmi suna kan sharuɗɗansu", in ji hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito. Ba zai yi kyauta da abin da ba a mallaka masa ba. In wani kamfani ya yarda a raba da na waje, ba laifi.

Batun sauƙin kuɗi ma ka yi lissafi da kyau kafin ka kira mai sauke dish. Awa ɗaya ta kallo kan cinye kimanin gigabait 1 a hoto matsakaici, ta kai 3 a hoto mai kyau sosai, ga shi a farkon 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100. Gida mai yara da yawa zai iya sayen data fiye da abin da yake ba dish. In abin zai taɓa cefane ko kuɗin makaranta, to an bar wajibi an kama nishaɗi, Annabi (SAW) kuwa ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa. Ka kuma kula da cirar kuɗin wata-wata da ake yi kai tsaye daga katin banki, in kun daina kallo a soke. Ƙwallo a kanta mubahi ce matuƙar ba caca, amma wasannin Ingila na ranar Asabar da La'asar suke karo, na zakarun Turai kuma da Isha. Ba a ɗaga salla don wasa.

Tsohon dish ɗin kana iya barinsa don tashoshin kyauta irin su Sunnah TV da Manara TV, waɗanda ba sa cin data. In kuma sayarwa za ka yi ya halatta, kuɗin halal ne, sai fa in ka tabbatar mai sayen ɓarna zai yi da shi, to kada ka sayar masa.

Wallahu a'alam.