Keken hawa dutse: amsoshin tambayoyinku kan Dass, Tula da Bormi

Tunda iskar hunturu ta fara kaɗawa, tambayoyi kan yawon keke suka yawaita, galibinsu daga Bauchi da Gombe. Na tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Gwallameji, Bauchi. Na tara 'yan kuɗi ina so in sayi keken da zan riƙa zagaya ƙauyukan Dass da shi a ƙarshen mako. Na ga wani sabo fil, mai sifirin gaba da baya, an ce giyarsa 21. Na kuma ga na gwanjo wanda fentinsa ya koɗe, kuɗinsu kusan ɗaya. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ƙanena, ɗauki na gwanjon, muddin ya tsallake binciken da zan faɗa maka. Sabon keke mai sifirin biyu da ake sayarwa da araha nauyi gare shi, kuma sifirin ɗin bayan nan yana shanye ƙarfin da kake zubawa a feda, daidai lokacin da kake neman kowane ɗigo na ƙarfinka a kan hawa. Hannun birkinsa sau da yawa roba ne, yana lanƙwashewa in ka matsa da gaske. Araha ba ta ado.

Kada lambar 21 ta ruɗe ka. Mai hawa tudu ba yawan giya yake nema ba, giya mafi sauƙi yake nema. Tsuguna ka ƙirga haƙoran ƙaramin farantin gaba, sannan ka ƙirga na babban farantin baya. In na gaba 28 ne ko ƙasa da haka, na baya kuma 32 ko 34, to ka samu abin da zai kai ka saman tudu kana zaune. In na baya bai wuce 24 ba, rabin tafiyar turawa za ka yi.

Sai ka bi jikin ƙarfen da yatsa, musamman wuraren walda a wuyan keken da ƙarƙashin sirdi. Tsaga ko ƙanƙanuwa ce, ka bar shi. Ɗaga tayar ka juya ta, ka zuba ido a kan tazarar da ke tsakanin gare-garen da robar birki: in yana kusantowa yana nisanta, ya karkace. Kama feda ka girgiza ta gefe da gefe, in ka ji ƙwas-ƙwas boris ya ci. Kwance sirdin ka ga ko yana hawa yana sauka, domin sandar da ta yi tsatsa ta manne ba ƙaramin aiki ba ce. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, ya zama akwai sarari tsakaninka da ƙarfen sama. Kuma ka tafi da mai gyaran keke wanda ba abokin mai shagon ba, ka biya shi ladan zuwansa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: sayi keken da mai facin ƙauye ya san shi. Taya mai inci 26 da tif ɗinta sun fi sauƙin samu a ƙananan kasuwanni. Bawul ya zama mai kauri irin na babur, don duk mai faci zai iya buga maka iska. Siririn bawul ɗin nan na kekunan tsere, bakin famfon mai faci ba ya kama shi, sai ku tsaya kuna kallon juna a gindin bishiya. Haka birki mai aiki da mai: yana kamawa ƙwarai, amma ranar da ya yi yoyo a bayan Dass babu mai taɓa maka shi. Birkin waya ya ishe ka. Kada ka ƙarar da kuɗinka kaf a kan keken. Rage abin da zai saya maka sababbin robobin birki da wayoyinsu, da taya biyu masu kauri, tun kafin fita ta farko.

Tambaya: Mu huɗu ne, abokan aiki a cikin garin Bauchi, duk muna da kekuna masu giya. Muna son tafiyar kwana biyu da za ta haɗa duwatsu da wuraren tarihi. Ina za mu nufa, kuma yaushe?

Amsa: Malamai, ku fara gwada kanku da Dam ɗin Gubi, zuwa da dawowa a safiya guda. A nan ne za ku gane wanda sirdinsa ke cin sa da wanda gwiwarsa ke ƙara, tun gida yana kusa.

Tafiyar kwana biyun kuwa, Dass nake ba ku shawara. Kimanin kilomita 50 ne kudu maso yamma da Bauchi, kwalta ce, kuma hawa da gangaren ba su fi ƙarfin sabon shiga ba. Duwatsun suna ƙara matsowa kuna ƙara kusantar garin, har Dutsen Mbula ya tsaya muku a gaba. Ku fita bayan sallar asuba. Akwai wani lissafi da mutane ke mantawa: iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka a zuwa tana bayanku tana tura ku, a dawowa kuma da ita za ku yi ta kokawa. Ku ba ranar dawowa lokaci fiye da ranar zuwa, kada sauƙin farko ya sa ku yi wa gida alƙawarin azahar.

In kun isa, kada ku zarce gindin dutse kai tsaye. Ku je ku yi gaisuwa, ku faɗi ko ku su wane ne da abin da ya kawo ku, ku nemi a haɗa ku da wanda zai yi muku jagora. Da ɗan gari akan ci gari. Kekunan ku bar su a gidan da aka nuna muku, dutsen da ƙafa ake hawansa. Kakannin mutanen wannan yanki a kan duwatsun suka zauna saboda tsaro, kuma akwai wuraren da har yau jikokinsu ke girmamawa. Baƙo ba zai bambance kufai da tarin duwatsu ba sai an nuna masa, ba kuma zai san inda ba a so ya taka ba. Ku sallami jagoran da kyau.

Wanda tarihin gini ya fi jan hankalinsa, ya juya arewa ta hanyar Ningi zuwa Kafin Madaki, kimanin kilomita 45. Gidan Madaki da ke can aikin Babban Gwani ne, magini ɗin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya, kuma tsayawa ƙarƙashin bakan gizon soron kaɗai ya biya wahalar feda. Gandun dabbobi na Sumu yana wannan yankin na Ganjuwa. Zanen dutse na Geji, a ƙaramar hukumar Toro, shi ma ya cancanci ziyara: shanu da namun daji da mutane, da jan launi a jikin dutse. Roƙona gare ku, kada ku shafa, kada ku watsa masa ruwa don ya fito a hoto, kada kowa ya rubuta sunansa a gefe. Sai dai hanyar Jos da ake bi zuwa can motoci suna gudu a kanta ƙwarai, kuma kafin ku shiga dazukan Toro ko na Ningi ku tambayi mutanen wurin halin tsaro a wannan makon, ba na bara ba.

Kuma abin yana ba ni takaici in ga mutum ya yi shekaru a Bauchi bai taɓa shiga kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ba, Firayim Ministan da aka kashe a Janairun 1966, bai kuma bi sauran ganuwar garin da Malam Yakubu ya kafa a 1809 ba. Wannan yawon yamma ɗaya ne a kan keke, ku fara da shi.

Lokaci kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Maris da Afrilu zafi ba ya wasa. Damina ta fi kyawun gani, duwatsun sun yi shar, amma rafuka suna cika cikin sa'a guda, laka kuma tana cinye robar birki.

Tambaya: Zan iya shiga Yankari da kekena har Wikki?

Amsa: Kada ka sa wannan a lissafinka. Daga ƙofar Mainamaji zuwa sansanin Wikki ya haura kilomita 40 a cikin dajin da giwaye da ɓauna ke yawo. In kana son feda, yi ta daga mararrabar Dindima zuwa ƙofa, ka ajiye keken, ka shiga da mota. Ruwan ɗumin Wikki, mai zafin digiri 31, shi ne maganin cinyar da ta gaji, kogunan dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey kuma da jagoran gandun ake zuwa. Ka kula da jakar abincinka, birai a Wikki ba su da kunya.

Tambaya: Ni uwa ce a Gombe. Ɗana mai shekara 17 ya matsa sai ya bi abokansa Tula a keke. Ya ce in saya masa riga da wandon 'yan tsere da tabarau. Hankalina bai kwanta ba. In bar shi? In kuma zan saya masa wani abu, mene ne?

Amsa: Hajiya, damuwarki tana kan hanya, amma ban ce ki hana shi ba. Tula wuri ne da ya kamata ɗan Gombe ya gani da idonsa: gari a saman tsauni, gonaki da aka jera wa duwatsu hawa-hawa a jikin gangare, ga tsohon gidan yarin zamanin Turawa, lokacin da Tula take hedikwatar Tangale-Waja. Yaron da ya hau wannan tudu da ƙarfin ƙafarsa zai fahimci dalilin da ya sa mahaya dawaki suka sha wuya da mutanen wurin, fiye da yadda allo zai koya masa.

Sharaɗi biyu za ki gindaya. Na farko, ba za su tuƙa daga Gombe ba. Hanyar Kumo da Billiri zuwa Kaltungo babbar hanyar Yola ce, tireloli da tankoki ba sa ɗaukewa. Su ɗora kekunan a mota zuwa Kaltungo, daga nan su fara feda. Na biyu, babba ya kasance a cikinsu, kuma su sauko kafin la'asar ta yi sanyi.

Hawan ba shi ne abin tsoro ba, wanda ya gaji zai sauka ya tura. Saukowa ce ke kai yara asibiti. A dogon gangare, in aka riƙe birki ba saki, gare-garen yana zafi har ba ya taɓuwa, robar ta fara santsi, wani lokaci tif ya fashe. A koya masa ya matsa ya saki, ya matsa ya saki, da hannu biyu tare, ya ja jikinsa baya a kan sirdi, ya rage gudu kafin kwana ba a tsakiyarta ba. In ya ji warin roba ya tsaya ya huta.

Kuɗin rigar tsere ki juya su zuwa hular kwano wadda ta zauna daram a kansa, mai igiya a haɓa, sabuwa ba ta gwanjo ba, domin wadda ta taɓa buguwa tana iya tsagewa ta ciki ba a gani. Sai sababbin robobin birki, safar hannu, fitilar baya mai ja, tif biyu, ƙaramin famfo, faci da sholisho, da sifana. Ƙayar aduwa ba ta raga wa taya. Ki sa ya cire tayar baya ya mayar a tsakar gida kina kallo. In ya kasa, bai shirya ba. Ruwa aƙalla lita uku, da ƙullin gishiri da sukari na kemis, dabino da ƙuli-ƙuli, da tsabar kuɗi a aljihu don ba ko'ina ake samun sabis ba. Tabarau mai araha ya isa, saboda ƙura ne kawai.

Tambaya: Shekarata 58, kekena Phoenix ne tun na aure, ba giya. Ina da burin ziyartar Bormi. Sai na sayi sabo?

Amsa: Baba, kada ka sayi komai. Bormi tana kusa da Bajoga a ƙaramar hukumar Funakaye, kuma ƙasar wajen ba ta da hawa irin na Tula ko Dass. Kekenka zai iya, kuma babu ƙauyen da ba a san gyaransa ba. Ka shiga mota da shi zuwa Bajoga, don kauce wa manyan motocin simintin Ashaka, ka kwana, ka fita da sanyin safiya. A sa maka sababbin robobin birki, a ɗaure sandunan birkin, a zuba wa sarƙa mai. Inda yashi ya yi yawa ka sauka ka tura, siririyar taya ba ta son sa.

A wannan fili ne Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada tare da ɗimbin jama'arsa ranar 27 ga Yulin 1903, bayan ya baro Sakkwato da niyyar hijira zuwa gabas, kuma Manjo Marsh na rundunar Turawa shi ma a nan ya mutu. Ka nemi dattijon wurin ya zagaya da kai, ka tafi da ɗan goro. In hawan jini ko ciwon suga na damunka, ka ga likita kafin ka sa rana, kuma ka tafi da ɗaya daga cikin 'ya'yanka a kan babur yana biye da kai da ruwa.