An ce lafiyata ƙalau, amma ciwon kai da rashin barci sun ƙi barina

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni magidanci ne, shekarata 43, ina da ɗan shago a kasuwa. Tunda bashi ya taru a kaina, ga kuɗin makarantar yara, kaina ke ciwo, gabana na faɗuwa, cikina na zafi, da daddare kuma sai juyi. Na sha maganin maleriya da taifot daga kemis, an yi min gwaji an ce lafiyata ƙalau. Shin tunani kaɗai na iya jawo wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya yaye maka, Ya hore maka abin biya. Ƙwarai kuwa tunani na jawo haka, kuma ciwon da kake ji na gaske ne. Kada kowa ya ce maka raki ne ko raunin imani.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta mai fitar da sinadaran adiranalin da kotisol da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari. Nan take zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, sukari ya ƙaru, tsokar wuya da kafaɗu ta ɗaure, narkewar abinci ta ja baya. Wanda maciji ya taso wa, wannan ne ke ba shi ƙarfin gudu, bayan ɗan lokaci jiki ya koma daidai. Shi kuwa bashi da shi kake kwana, da shi kake tashi, sai jiki ya shafe watanni a ɗaure. Daga nan ciwon kai, rashin barci da saurin fushi ke tasowa, garkuwar jiki ta yi rauni, mai ciwon sukari kuma nasa ya ƙi saituwa.

Fara da awon hawan jini, ka maimaita a ranaku daban-daban. Idan yana kai 140/90 ko ya wuce, ka ga likita, domin hawan jini kan daɗe yana ɓarna ba tare da wata alama ba.

Zafin cikin nan ya fi damuna. Mutanenmu kan ce tunani da yunwa ke kawo olsa, alhali galibi wata ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori, ko kuma magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac. Damuwa dai tana tsananta zafin. To mai ciwon kai kullum, da me yake komowa daga kemis? Su ɗin ne, sau da yawa a sha su cikin ba komai. Ka dakata da su, a duba cikin a asibiti. Tramadol, kodin da ƙwayar barci kuwa, ina roƙonka kada ka kusance su ba da umarnin likita ba. Sabo da su ya fi bashin wuyar fita.

Ka riƙa tafiyar ƙafa da ɗan sauri, minti 30, kwana biyar a mako, ka cika minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Goro da shayi mai kauri ka bar su daga la'asar, waya kuma ta kwana nesa da shimfiɗa. In gaba ya fara faɗuwa, ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, na 'yan mintuna. Addu'a da zikiri suna sanyaya zuciya, ka riƙe su tare da neman magani.

Bashin ma ka tunkare shi. Rubuta shi a takarda, ka je wurin masu binka da ƙafarka, ku tsara biya kaɗan-kaɗan. Ka sanar da uwargida ko wani amini. Maza da yawa ɓoyon ne ke cinye su.

Idan ƙirji ya yi nauyi, ciwon na sauka hannu ko numfashi na sarƙewa, a tafi asibiti nan take. Idan ka yi mako biyu komai ya fita ranka, ka ga likitan ƙwaƙwalwa. In kuwa har ka fara jin gara mutuwa, ka gaya wa wani na kusa, ku je a ranar.